Yadda Za Ka Tayar Da Tsohuwar Vespa A Legas, Daga Takarda Har Hawa Kwalta

Duk wanda ya tashi a layinmu a Agege wajen shekarun 1980 ya san wannan ƙarar, fat-fat-fat ɗin nan da ke biyo bayan sallar asuba, sai shuɗin hayaƙi ya bi layin da wani ƙamshi wanda har yau in na shaƙe shi sai makarantar allo ta faɗo min a rai. Vespar Baffana ce, shi dai Basfa yake ce mata. A reluwe yake aiki can Ebute Metta, kuma da kuɗin Udoji ya saye ta a 1975, lokacin da aka zuba wa ma'aikata ariyas kowa ya ruga kanti, wani rediyo wani babur wani kuma ƙarin aure. Samfurin Sprint 150 ce. Mu yara a gaba ake tsayar da mu tsakanin ƙafafunsa, ka riƙe kan da hannu biyu iska na cika maka baki, babbar rigarsa tana kaɗawa a baya kamar tuta. Yanzu kam kar ma ka gwada wannan da ɗanka, doka ta hana, kuma titin ba irin na da ba ne.

Da Baffa ya tsufa gwiwa ta ƙi, sai aka jingine ta a bayan gida ƙarƙashin wani guntun kwano, ta yi shekara kusan ashirin a nan har kaji suka mayar da ita wurin ƙwai. Ni na ɗauko ta na tayar, kuma wallahi na sha wuya na yi asarar kuɗi, ba don aikin ya fi ƙarfina ba, sai don na fara daga inda ya kamata in ƙare. Fenti na fara yi. Ta fito tana sheƙi kamar amarya alhali cikinta a ruɓe, daga baya dole aka ƙona fentin da wutar walda. Shi ya sa na ce bari in jero wa mai sha'awa yadda ake bi: takarda, sannan jiki, sannan inji, sannan birki da taya, fenti shi ne can ƙarshe. Akasarin abin da zan faɗa a kan Vespa ne don ita na sani ciki da bai, amma mai Suzuki 100 ko Yamaha ko Roadmaster ma zai tsinci nasa a ciki.

Mataki na farko: takarda, kafin ma ka taɓa kik

Ɗan'uwa, a garin nan babur marar takarda ƙarfe ne kawai na 'yan gwangwan. In saya za ka yi, ka ce a fito maka da rasit na asali ko tsohuwar fatikula, ka duba lambar firam da lambar inji da idonka ka gwada da abin da ke rubuce. A Vespa lambar firam tana can baya ƙarƙashin murfin gefe, ta injin kuma a jikin ƙarfen da ya riƙe injin. Ka goge da kananzir da tsohon burushin haƙori, ka haska da tocilan. In ka ga alamar an goge da fayil ko an sake bugawa, ka yi sallama ka kama gabanka, komai arhar ta. Araha ba ta ado.

Akwai kuma abin da mutanenmu ke mantawa: yawancin waɗannan mashinan na mamata ne. Wani ɗa zai ce maka ai ta babanmu ce ba mai hawa, kawo abin da ya sawwaƙa. Kar ka yarda. Kayan gado ne, sai magada sun amince, a rubuta yarjejeniya da shaidu su sa hannu, in da hali a gaban mai unguwa ko limami. Yau ba wanda ya damu da ita, amma ranar da ka gyara ta fito fes, ranar ne wani yayansu zai dawo daga Abuja ya tuna cewa shi aka yi wa alkawarinta. In takardun sun ɓata gaba ɗaya, kamar namu da gara ta cinye a cikin akwati, sai a je kotu a yi takardar rantsuwa, a karɓo rahoton 'yan sanda, sannan a nufi ofishin lasin a yi sabuwar lamba da inshora. Ka tabbata lambar gida aka ba ka mai shuɗin rubutu, jan rubutu na haya ne. Kai ma kana buƙatar lasin tuƙin babur, ajin A kenan.

Mataki na biyu: jiki. Nan ne Legas take cin amana

Nan zan daɗe, don nan ne bambancin Vespar da ta zauna a Kano da wadda ta zauna a Legas. A arewa rana da ƙura ne kawai, fenti ya koɗe roba ta bushe amma ƙarfen na nan daram. Mu nan kuwa damina ta yi wata bakwai tana zuba, ga iskar teku mai gishiri, ga ruwan kwata da ke shiga gidaje, ƙarfe ba ya kwana lafiya.

To ita Vespa ba kamar sauran babura ba ce masu firam na bututu da aka rataya wa tanki da sirdi. Wanda ya zana ta a 1946 a kamfanin Piaggio na Italiya, Corradino D'Ascanio, injiniyan jirgin sama ne, sai ya yi ta kamar jikin jirgi: farantin ƙarfe aka lanƙwasa aka haɗe, jikin shi ne firam ɗin. Sunan ma da Italiyanci zanzaro yake nufi, kuma in ka kalli siririn ƙugun da faɗin bayan za ka ce sun iya sa suna. Ma'anar wannan a wurinka ita ce in tsatsa ta ci wurin taka ƙafa, ba ado ta ci ba, ƙashin bayan mashin ɗin ta ci.

Ka kwantar da ita a gefe kan tsohuwar taya ko katifa, ka cire robar ƙasa. Ɗauki sukudireba ka riƙa caka ƙarƙashin wurin taka ƙafa, musamman inda sandunan ƙarfafawa suke da inda jak yake ɗaure da kuma gefen tudun nan na tsakiya da wayoyi ke bi ta ciki. Ƙarfe mai lafiya zai ce ƙwal, ruɓaɓɓe zai ce fus ko ma sukudireban ya leƙa ɗaya gefen. Sannan ka zo da maganaɗisu, ko na tsohuwar sifika ya isa, ka bi jikin da shi. Duk inda ya ƙi kamawa fila ce aka cusa aka shafe da fenti, kuma masu sayarwa sun ƙware a wannan sosai. Daga nan ka tsayar da ita ka koma baya taku biyar ka tsuguna ka kalli tayoyin biyu, su kasance a layi ɗaya. Ka shafa ƙarfen gaba daidai inda ya lanƙwaso ya haɗu da ƙasa, in ka ji ya yi tattara to ta taɓa cin karo da gaba, kuma irin wannan ko an miƙe ta kullum za ta riƙa ja gefe ɗaya.

Ƙananan ramuka ba komai, mai walda zai yanke ya sa sabon faranti. Amma ka tsaya a kansa, ka ce ya yanke ruɓaɓɓen gaba ɗaya kar ya ɗora sabo a kan tsoho, don tsatsar za ta ci gaba da aikinta a ƙarƙashi. In kuwa tudun tsakiyar ne ya ruɓe, shawarata ka nemi wani jikin ka ɗora injinka. Kuma kafin a kunna wutar walda a cire tanki a kai shi nesa, ba wai a zubar da man kawai ba, tururin da ya rage a tankin da babu mai shi ne yake fashewa.

Mataki na uku: inji, a hankali

Kuskuren kowa shi ne yana zuwa ya haye kik da dukkan nauyinsa. Injin da ya yi shekaru a kwance fistin ɗinsa ya iya liƙewa, kana dannawa da ƙarfi ka karya ringi ko haƙorin kik. Cire fulogi tukuna, ka ɗiga baƙin mai ko ɗan gas ta ramin, ka bar shi kwana biyu uku, sannan ka kama fulawil ɗin nan mai kama da fanka a gefen dama ka riƙa juya shi da hannu gaba da baya. In ya motsa, alhamdu lillahi. In ya ƙi, ƙara mai ka ƙara haƙuri, tawa sai da ta yi mako guda kafin ta saki.

Da ya juya, sai tanki. Tsohon fetur yana zama kamar danƙo mai wari, ga garin tsatsa a ƙasa. Ka zuba ƙananan notuna da kananzir a ciki ka girgiza har hannunka ya gaji, ka zubar, ka maimaita har abin da ke fitowa ya yi fari. In tsatsar ta yi yawa ka jiƙa shi da binega kwana ɗaya ka ɗauraye ka shanya a rana ya bushe ƙarau. Tiyon mai kam kar ka yi ciniki da shi, sabo za ka sa. Famfon mai yana da wuri uku, buɗe da rufe da rizab, ka tabbata duka ukun suna aiki kuma ba ya ɗiga.

Kafireto: ka kwance shi a kan farin ƙyalle don kar ƙananan kayan su ɓace, ka ɗauki hoto da waya kafin ka cire komai. Ka wanke jet-jet ɗin da fetur ka hura musu iska. Kar ka soka musu waya ko allura, ramin zai faɗaɗa, daga nan mashin ya koma shan mai kamar raƙumi ba ka san dalili ba. Allurar fulot in bakinta ya cinye ka canza, ita ce ke sa ka wayi gari ka tarar da tabkin fetur a ƙarƙashin mashin. Wurin mayarwa kar ka ɗaure notunan biyu da ƙarfin tsiya, gindin kafireton Vespa yana lanƙwashewa ya fara shan iska.

Sai wuta. Sa sabon fulogi a kan wayarsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji, ka danna kik. Shuɗin tartsatsi mai ƙara ƙyas kake nema. In ja ne mai rauni ko babu sam, a tsofaffin kamar tawa kwantak ne ko kondensa, a goge bakin kwantak da lallausar samfefa a saita shi ya riƙa buɗewa kamar milimita 0.4, bakin fulogi kuma 0.6. Vespa samfurin PX na baya-baya ba su da kwantak, wutarsu ta lantarki ce, su sai dai a duba kwayil da akwatin wutar.

Man giya daban yake, kuma mutane da yawa ba su ma san akwai shi ba. Baƙin mai ne mai lambar kauri SAE 30, kwatan lita kacal. Da ka kwance noti na ƙasa ka tara tsohon a gwangwani ka sansana. In yana warin fetur to oyil sil na gefen kuloci ya mutu, dole a tsaga injin biyu. In kuma bayan ta tashi ka ji injin yana hawa da kansa ba ka murɗa totur ba, sil na gefen fulawil ne yake shan iska, kuma wannan shi ke cinye fistin. Gaskiya injin da ya yi shekara ashirin a ajiye, kawai ka yi masa garambawul gaba ɗaya: sil biyu, boris, gasket, ringi, farantan kuloci, da ɗan ƙarfen nan mai siffar gicciye da ke zaɓar giya, wanda in ya cinye sai ka ga mashin tana fita daga giya da kanta kana tsakiyar tafiya. Ka yi sau ɗaya ka huta. Salansa ma a cire a ƙona ta a kakkaɓe gawayin ciki, rabin rashin ƙarfin tsofaffin mashinan nan daga toshewar salansa ne.

Maganar haɗin mai

Wannan ita ce ke kashe Vespa a hannun yaran yanzu da suka saba da Boxer. Injinta ba shi da wurin ajiye baƙin mai, a cikin fetur ake zuba masa abin da zai sha. Kashi 2 cikin 100 ne: mililita 20 a kowace lita ɗaya, wato in ka sha lita 5 sai ka zuba mililita 100. Ka nemi sirinji babba a kemis ko ɗan kofin awo ka ajiye a akwatin mashin, kar ka riƙa yi da ido. Man 2T za ka saya, wato wanda aka yi don haɗawa da fetur, ba ragowar man mota ko na janareto da aka juye ba. Ka rufe famfo, ka fara zuba man sannan fetur a kai, ka ɗan girgiza mashin. Wasu PX ɗin suna da tankin mai daban da ɗan gilashin leƙe, su suna haɗawa da kansu, naka kawai kar ka bari ya ƙare. Haka Suzuki 100 da Yamaha 100 suke da nasu tankin a gefe.

Wasu na cewa ai gara a zuba da yawa don kariya. A'a. Yawansa fulogi yake kashewa ya toshe salansa, ka bar mutanen layi da tari. Rashinsa kuma ya fi muni, fistin ya kama kana cikin gudu tayar baya ta ƙulle. In hakan ta taɓa faruwa da kai, matse kuloci nan take, shi ne zai saki tayar. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ke lissafin lita, na sani, amma ba a kan mililita 20 ɗin nan ake tsimi ba. Fulogi shi zai gaya maka gaskiya: bayan tafiya mai ɗan nisa ka cire ka duba, ruwan ƙasa lafiya lau, baƙi mai danshi mai ya yi yawa, fari fat kuwa haɗari ne, kar ka ƙara hawa sai an duba.

Ina ake samun kaya, wa zai yi aikin

Ladipo da kasuwar ASPAMDA ta Trade Fair sun fi ƙarfi a kayan mota, amma boris da sil da fulogi da wayoyi za ka samu, in dai ka tafi da tsohon a hannu ka gwada. Kar ka je da baki kawai, za a ba ka mai kama da shi a ce shi ne. Owode Onirin da ke gaba da Mile 12 wurin tsofaffin ƙarafa ne, in kana da sa'a da juriyar tono kana iya tsintar murfin gefe ko rim. Sauran kuma sai an aika, Nnewi ita ce uwar kayan babur a ƙasar nan, sannan Kano, inda har yanzu dattawa ke zuwa masallaci a kan Vespa, wajen Ƙofar Ruwa ba a rasa gawar wata da za a cire wa kaya. Ni direbobin tirela masu sauke kaya a Mile 12 su suka riƙa taho min da saƙo. Wani sirrin kuma Indiya: Bajaj Chetak da aka fara a 1972 daga zanen Sprint aka samo ta, LML kuma kwafin PX ce, don haka kayansu da yawa suna shiga. Ba duka ba fa, a gwada tukuna.

Bakanike kuwa, nemi tsoho. Yaron da ya buɗe ido da Jincheng da Boxer ba laifinsa ba ne, bai taɓa ganin cikinta ba. Na farkon da na kai wa, da guduma da kurfi ya fitar min da fulawil ya lalata zaren, alhali akwai ɗan abin zaro shi na musamman da bai fi tsawon yatsa ba. Daga baya aka nuna min wani dattijo Bayarabe da ya yi zamani da su, yana ganinta ya yi dariya ya shafa ta kamar ya ga tsohuwar budurwarsa. Na ce "Baba, za ta tashi kuwa?" Ya ce min da Hausarsa ta Agege, "Alaji, wannan ko ni na mutu ita tana nan." In ka samu irinsa ka zauna kusa ka riƙa miƙa sifana, rabin abin da na rubuta nan a kan bencinsa na koya. Kuma kar ka biya kuɗin aiki duka a gaba, ko waye.

Birki, taya, wayoyi

Nan ba dogon zance, komai sabo. Wayar kuloci, wayoyin giya guda biyu, ta totur, ta birkin gaba da na baya, a shafa musu giris kafin a zura. Takalman birki sabbi. Taya ko da zanenta bai cinye ba in ta tsufa ta zama katako, ka duba lambobi huɗu da ke gefenta, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara biyar zuwa shida ka bar wa mai shago kayansa. Sprint da PX inci 10 ne, Vespa Super kuma inci 8, kar a haɗa maka.

Abu ɗaya da zan roƙe ka: rim ɗin Vespa gida biyu ne da aka haɗe da notuna. Ka sace iskar gaba ɗaya kafin a kwance notunan da suka haɗe shi, kuma ka faɗa wa mai faci da bakinka, don yawancinsu ba su saba da shi ba. Da iska a ciki rim ɗin tashi yake ya daki fuska. Daɗin abin dai tana da safaya, kuma tayar gaba da ta baya duk ɗaya ne, minti goma ka canza a bakin titi.

Bayan duk wannan, ka hau ta wata guda a haka da muninta, ka tabbata ba abin da za a sake kwancewa ko a yi wa walda. Sannan fenti. A kankare har ƙarfe, a sa jan fenti mai hana tsatsa musamman ta ƙarƙashi, kuma kar a fesa ranar da hadari ya haɗo.

Hawa

In ka saba da babur mai giyar ƙafa, kwana biyun farko za ka ji kamar an juya maka duniya. Giya a hannun hagu take tare da kuloci: ka matse, ka murɗo hannun wajenka giya ɗaya kenan, ka murɗa gaba ka wuce furi ka shiga biyu, uku, huɗu. Birkin baya a ƙafar dama yake a ƙasa. Injin yana gefen dama don haka tana ɗan rinjaya can, jikinka zai saba. Ka je fili ko layin da ba mota da sassafe ka koya, ba a goslon Pen Cinema ba. In an sa sabon fistin, kilomita 1,000 na farko kar ka murɗe totur har ƙarshe, kuma kar ka daɗe a gudu ɗaya.

Ƙananan tayoyin nan ba sa son rami, ramin da Boxer zai haye yana dariya ita zai iya kifar da ita. Da damina in ka ga ruwa ya rufe titi kar ka shiga sai ka ga wani ya wuce ka ga zurfin, injinta a ƙasa yake, kuma a Legas ba ka san inda kwalta ta ƙare kwata ta fara ba. In ka fito daga ruwa ka riƙa taɓa birki a hankali kana tafiya har ya bushe, jiƙaƙƙen birki babu shi babu banza. Danfo kuwa ka ɗauka direban bai gan ka ba, don galibi bai gan ka ɗin ba.

Sai doka, wadda ita ce ta sa da yawa suka jingine nasu. Tun dokar hanya ta 2012 zamanin Fashola aka hana babura bin hanyoyi 475, aka sa ƙa'idar cewa mashin da bai kai 200cc ba ba shi da hurumin manyan tituna da gadoji, dokar 2018 ta ƙara jaddadawa. A 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Sanwo-Olu ta hana okada kwata-kwata a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Mainland, Island da Apapa, a Satumba aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin, kuma waɗanda aka kama murƙushe su ake yi. Abin dariyar, PX200 da ake ganin babba ce 198cc ce, Roadmaster CD200 kuma 194, duk ba su cika ba, balle tawa 150. Eh, 'yan haya aka yi wa hanin 2022 ɗin, kai naka na gida ne, amma ni ban ga hikimar tsayawa gardamar wannan a bakin titi da mashin ɗin da babu irinsa a kanti ba. Ba na hawa gadar Third Mainland, ba na bin babban titin Ikorodu ko na Abeokuta, in zan je Ladipo danfo nake shiga. Yawona cikin unguwa ne, masallacin Juma'a, ɗaurin aure, gaisuwar Sallah. Takardu kofi a akwatin mashin, na asali a gida. Hular kwano kuma ta gaske, kai da wanda ka goya, ba irin ta Janairun 2009 ba da aka fara tilastawa mutane suka riƙa kifa ƙwarya da robar fenti a ka.

Ajiya

Abin da ya kashe ta karon farko zama ne, don haka ko ba inda za ka ka tayar da ita duk mako ka zaga layi har injin ya yi zafi. Kullum ka tsaya ka rufe famfon mai. Kar ka lulluɓe ta da leda a kan ƙasa mai danshi, gumi take yi a ciki, gara ƙyalle, a kan siminti ko katako, inda iska ke wucewa. In ruwan sama ya dake ku ka ɗaga robar ƙasa ka goge. In tafiya za ka yi ta wata da watanni, ka rufe famfo ka bar injin ya shanye na cikin kafireto har ya mutu da kansa. Kuma ka sa sarƙa da kwaɗo, makullin kan nan na 1975 ko cokali yana buɗe shi.

Ranar da na gama na tura ta har ƙofar ɗakin Baffa, aka fito da shi aka zaunar a kan tabarma, idonsa ya riga ya yi rauni sosai. Na buɗe famfo, na ja cok, kik na biyu ta kama. Ya yi shiru yana saurare, kansa a karkace, ni kuma ina tsaye ina jiran a sa min albarka. Can sai ya ce, "Kai, wa ya saita maka silo ɗin nan? Ya yi sama. Miƙo min sukudireba."